Alkamar Malam a Mansur

Tun da na dawo daga Umra tabarmar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Goggo Dije, yaya Makka?" In faro daga farko, ina kaiwa filin jirgi wata ta yi sallama, sai a ce in koma baya saboda ita. Dabino ya ƙare, zamzam ya kusa, muryata ta dushe, tambaya tana nan. Shi ne na ce wa Binta, 'yar ƙanwata mai koyarwa a makarantar gari, ta zo ta zauna in faɗa sau ɗaya ta rubuta, tunda ni ban iya ba. Wadda ta zo daga baya a karanta mata. In kun ji magana ta yanke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, don har yau ba na ambaton Malam, maigidana, idona ya zauna a bushe. Allah Ya ji ƙansa.

Sai na fara da alkama, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni inda ya kai ni ba.

Malam manomin rani ne, gonarsa tana bakin magudanar ruwan dam a nan gefen Kura. Kun san yadda ƙungiyar manomanmu ta ƙulla da kamfanin fulawa. Kamfani ya ba da iri da taki, in an girbe kuma kowane buhu nasa ne, a kan kuɗin da aka yanke tun kafin shuka. Wanda aka kama ya kai kasuwa, a cire shi daga ƙungiya, ya rasa layin ruwa. Ranar awo babbar mota ta zo, a ɗora a sikeli, a zazzage ta kowa wuri ɗaya. Ta Malam, wadda muke sheƙewa har hannu ya gaji mu tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, kuɗinta ɗaya da ta wanda ko ƙaiƙayi bai fitar ba.

Ba zan ci haƙƙin kamfani ba. Shekarar da alkamar waje ta cika kasuwa farashi ya faɗi, mutanen ƙauyen gaba da mu da ba su shiga ƙungiya ba sun ji jiki, mu kuwa ba a rage mana ko sisi ba. Amma shekarar da ta yi tsada su suka sayi babura muna kallo. Ɗana Sani yana bayan kamfani, kullum sai sun yi musu da ubansa a kan tabarma.

"Baba, ai gara abin da ka san zai zo."

"Ba kuɗin ba ne kaɗai, Sani. Tun da muka shiga ban ƙara cewa albarka a kan alkamata ba. Mai kaza ɗaya ma ana taya masa, ya ce albarka, a ƙara. Ni sai dai a faɗa mini in ce to."

A girbin ƙarshe ya ware 'yan kwanuka daga wadda aka yarda mu bari ta ci, ya zaɓi mafi kyau. Yana kwance ba lafiya ya ce mini, yana dariya, in ya tashi zai kai ta kasuwar da ba wanda ya san shi, ya tsaya a bayanta a taya, ya ji abin da za ta yi. Bai tashi ba.

Da na fita takaba yara suka haɗa kai suka biya mini Umra. Alkamar tana nan a ƙarƙashin gadona. Na kasa dafa ta, kuma ba dama in kai ta kasuwar kusa, don labari zai kai ƙungiya Sani ya rasa ruwa. Ina shirya kaya sai zuciyata ta ce, ai ga kasuwar da ba wanda ya san shi. Na zuba ta a rigar matashi na ɗinke bakin.

Tare muka tafi da Kulu, aminiyata tun muna amare. Ita kaɗai na gaya wa. A filin jirgin Kano da aka auna jakata aka ce ta yi nauyi, sai na fitar da zannuwa na miƙa wa Sani, na bar matashin. Sani ya ce, "Inna, ai akwai matashi a can." Na ce wuyana ya saba da wannan. Kulu ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

"Mutane suna zuwa ɗakin Allah da carbi," ta raɗa mini, "ke kin taho da hatsi kamar mai gudun yunwa."

Jirgi kuwa, 'yan uwa, kada kowa ya ruɗe ku. Da ya ɗaga na ji cikina ya tsaya a Kano ni na tafi. Kulu ta kama hannuna tana karanta duk abin da ta sani, har da addu'ar shiga banɗaki. Da muka daidaita a sama kuma ba wanda ya kai mu murna. Aka kawo abinci a 'yan kwanonin roba, kowane abu da ɗakinsa. Kulu ta ɗauki wani ɗan farin ƙulli ta buɗe ta lasa tana zaton alewa ce, ashe na goge hannu ne. Muka yi ta dariya har aka sanar mun zo daidai miƙati, muka kama bakinmu muka yi niyya.

A Jidda ne aka kusa raba ni da alkamar. Ana tura jaka cikin wani akwati da ke ganin abin da ke ciki, sai wani ma'aikaci ya ware tawa da ta Kulu. Ya ɗaga matashina ya ji nauyi, ya kalle ni, ya yi Larabci. Na ce, "Alkama ce, ɗana." Ya farke gefen ɗinkin ya zura hannu ya fito da ita a tafinsa. Na ce shi ke nan, ta Malam ta ƙare a kwandon shara. Sai abokin aikinsa ya kwance wani ƙulli a jakar Kulu, ashe daddawa ce ta kwana a leda cikin zafi. Bawan Allah ya ja baya ya toshe hanci da hular kansa. Wanda ke riƙe da alkamata ya mayar da ita da sauri, suka rufe jakunkunan biyu suna kaɗa mana hannu, "Yalla, yalla, ya hajja!" Tun daga ranar ban ƙara yi wa Kulu gorin daddawa ba.

Masaukinmu a Aziziyya yake, gida ne mai hawa da yawa, ana shiga wani ɗan ɗakin ƙarfe ya haura da mutum. Ranar farko muka shiga ba mu san me ake dannawa ba, muka yi ta hawa muna sauka muna gaisawa da duk wanda ya shigo, har wata Baturkiya ta tausaya mana. Ɗakin kwana sanyi kamar cikin randa, Kulu da safa take barci. Abinci shinkafa da kaza, gobe kaza da shinkafa. Da safe kuma wani burodi mai faɗin faifai da suke kira tamis, ana dangwala shi a dafaffen wake. Abin da ya ɗaure mini kai, kowa alkama yake ci safe da yamma, talaka da mai kuɗi, amma tun daga Jidda ban ga ko kunya ɗaya ta shuka ba, sai duwatsu.

Ganin Ka'aba ba zan iya faɗa muku shi ba. Na tanadi addu'o'i tun daga gida, da na ɗaga ido duk suka gudu, sai na ji ina cewa, "Malam, ga ta nan." Na yi kuka har wata mata da ban san yarenta ba ta rungume ni. Na yi tawa Umrar, bayan na huta na koma na ɗauko harami na yi masa tasa. Takalmina ya ɓata a ƙofa, na dawo masauki da ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi, kuma duk na dama.

Wata safiya muna fitowa daga Harami muka bi ta wani fili cike da tattabaru. Na ga mutane suna sayen wani abu a leda suna watsa musu. Da na duba ƙasa sai na saki salati.

"Kulu, alkama ce! Alkama suke ba tsuntsaye!"

Mu da ba a taɓa ta sai da salla ko biki, a yi alkaki da fankaso a kai gidan surukai! Ban san lokacin da na sunkuya na fara tattarawa a gefen mayafina ba. Kulu ta fizgo ni. "Tashi kada ki ja mana abin kunya, kina ƙwace wa tattabarun Makka abinci!"

Mai sayar da ledojin ta fashe da dariya, ashe Bahaushiya ce, 'yar Maraɗi. Na kwance bakin zanena na nuna mata 'yar wadda nake yawo da ita. Ta murza a hannu ta girgiza kai.

"Uwa, wagga ba ta tattabaru ba ce. Su ba su san mai kyau ba. Ki tahi Mansur, can masu sani suke. Kuma ku samu tuwo, na ga idanunku sun faɗa."

Da jin tuwo Kulu ta riga ni tsayar da mota.

Mansur kamar an ɗauko wata unguwa ta Kano an ajiye a tsakanin duwatsu. Hayaƙin tsire, kuka da kuɓewa a faranti, ana ta Hausa ana sirka ta da Larabci. Aka nuna mana gidan Hajja Mariya mai abinci. Doguwa ce baƙa mai murya, kakanninta sun taso aikin Hajji daga ƙasar Hausa a ƙafa suka yada zango a Sudan, can aka haife ta. Ta zuba mana tuwo da miyar kuka. Kulu ta yi loma ɗaya ta ɗaga hannu sama tana sa wa iyayen matar albarka.

Da muka wanke hannu na jawo matashin na warware ɗinkin. Ban ce mata komai game da Malam ba, don ba na son a saya saboda tausayi. Hajja Mariya ta ɗebi ƙwaya ta sa a haƙori ta ɓantare, ta duba cikin.

"Masha Allah. Ta sayarwa ce, ya hajja?"

Na ce, "Ta sayarwa ce."

Daidai nan wani tsohon Balarabe ya leƙo da ɗan kofin shayinsa. Ammu Salihu suke kiransa, shi ke da kantin hatsi da kayan yaji a jikin gidan. Yana ganin alkamar ya ajiye kofin ya durƙusa, ya cika tafinsa ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa. Sai ya ɓarke da magana, Hajja Mariya tana fassara mana. Wai shi ma manomin alkama ne a da, can arewacin ƙasar. Hukuma ce kaɗai ke saye, kuma tana biya da tsoka, kowa ya haƙa rijiyoyi ya sayi mota. Daga baya aka ce ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa, aka daina saye. Wani mai sayen kuwa babu, don ba a taɓa yin sa ba. Ya sayar da injunan ya dawo Makka ya kama kanti. Duk da haka, in ji shi, bai taɓa barci mai daɗi irin na waɗancan shekaru ba, don tun kafin ya shuka ya san abin da zai samu.

"Ai kuwa ka yi barci," in ji Hajja Mariya, da Hausa don mu ji, sannan ta maimaita masa da Larabci. "Ka yi ta barci har rijiya ta ƙafe a ƙarƙashinka. Mu a Sudan hukuma ta yanka farashi, sai ta ga dama ta zo ɗauka. Ubana a ƙarƙashin gado yake ɓoye buhu, ya ɗora wa jaki ya kai kasuwa."

Ammu Salihu ya ce shi ya sa uban nata ya mutu da jaki shi kuwa ya hau mota. Ta ce ina motar take yanzu? Suka yi ta yi, da gani sun saba. Ni dai ina zaune ina jin Sani da ubansa da bakin wasu mutane.

Sai tsohon ya nuna alkamar ya faɗi kuɗi. Yana so ya kai gida a yi masa fate irin nasu, wai ta waje da ake kawowa a jirgin ruwa ba ta da ƙamshi. Ni ban san darajar riyal ba, ban san ko ya yi yawa ko kaɗan ba. Na gyara zama na buɗe baki.

"Albarka!"

Muryar da ta fito har ni ta ba tsoro. Hajja Mariya ta bayyana masa cewa haka muke ƙin tayi a ƙasarmu, ba da faɗa ba. Ya yi dariya har da buga cinya. Ita kuma ta ce ba za a ɗauke alkamar Hausa a gabanta a kai gidan Balarabe ba, ta ɗora a kan nasa.

"Albarka!"

Ya ƙara. Albarka. Ta ƙara. Albarka. 'Yan uwa, ban taɓa sanin kalma tana da zaƙi haka ba. Na ji kamar in tashi in taka rawa. Masu cin abinci suka juyo suna kallo, wani yana cewa, "Riƙe wuta, Baba!" Ina faɗa ina dariya hawaye yana zuba, har na daina sauraron abin da suke tayawa. Kulu tana mintsinina a cinya. "Dije, sallama. Dije, ya isa, ba zinariya ba ce."

Ban ji ba. Na sake cewa albarka.

Ammu Salihu ya watsa hannuwa ya ce, "Khalas!" wai shi ke nan. Ya ɗauki kofinsa ya koma kanti. Hajja Mariya ta ce miyarta tana kamawa, ta tashi ta shige wurin tukwane. Masu kallo suka koma kan kwanukansu. Aka bar ni zaune da matashi a buɗe, ƙuda yana yawo a kai.

"To ga albarka nan," in ji Kulu, "sai ki jiƙa ki sha."

Daɗin nan duk ya zube. Ranar komawarmu ta matso, kuma ban san wata Mansur ɗin ba. A gida komai lalacewa motar kamfani za ta zo, ko ka yi fushi ko ka yi fara'a. Nan kuwa ba wanda aka ɗora wa dole. Na zauna ina jira ko wani zai dawo, ba wanda ya dawo. Na ga alkamar tana komawa ƙarƙashin gadona, na ga na yi wa Malam wasa da abin da ya bar mini. Na ja mayafi na rufe fuska na yi mai isata.

Da na share ido na tashi da kaina na bi Hajja Mariya wurin murhu. Na ce na sallama a kan tayinta na ƙarshe. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Wancan na ɗazu ne, ya hajja. Ɗazu akwai mai ja da ni." Ta faɗi abin da bai kai shi ba.

Na ce, "Haba 'yar nan, a garin da aka haifi Manzo?"

"A garin Manzo aka fi iya ciniki."

Muna cikin haka sai ga Ammu Salihu a bakin ƙofa, ashe kunnensa yana wurin. Ya ɗaga yatsa ya ce shi yana nan a kan nasa na ƙarshe, wanda ya fi nata nesa. Kulu ta ce, "Alhamdu lillahi, miƙa masa mu tafi."

Na dubi tsohon, na dubi tukwanen. In ya saya zai shige da ita gida a rufe ƙofa, ba zan san yadda ta ƙare ba. Na tambayi Hajja Mariya me za ta yi da ita. Ta ce alkubus, gobe da rana. Na ce ba za ta haɗa ta da fulawar kanti ba? Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Na ce, "Na sallama miki."

"Kin yi asara da idonki a buɗe," in ji Kulu.

"Na yi. Amma ni na zaɓa."

Ammu Salihu ya yi ta faɗa da Larabci yana nuna sama, sannan ya sunkuya ya ɗauki matashin da kansa, don a injin kantinsa za a niƙa.

Washegari bayan Azahar muka koma. Tun daga bakin titi na ji ƙamshin, sai da na dafa bango, don ƙamshin gidana ne ranar salla. Ɗakin ya cika da ma'aikata, magina da direbobi, 'yan Kano da 'yan Damagaram, kowa da ƙurar aiki a jikinsa. Ammu Salihu yana gefe da farantinsa, kuma sai da ya biya. Aka zuba mana da miyar taushe. Na gutsura na kai baki.

Wani magini mai furfura a gemu ya tsaya da tauna. "Hajja, wannan ba fulawar kanti ba ce. Rabona da irin wannan tun uwata tana da rai."

Hajja Mariya ta nuna ni da ludayi. Mutumin ya juyo ya russuna.

"Baba, wa ya noma ta?"

"Malam ne, maigidana. Ya rasu."

"Allahu Akbar. Wane Malam? Malamai suna da yawa, Baba. Faɗa mana sunansa mu yi masa addu'a, mun ci guminsa."

Tun ranar da aka kai ni gidansa ina yarinya sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a bayan idonsa. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, laƙabi nake kiransa da shi. Kulu ta sani, ta buɗe baki za ta faɗa a madadina. Na dafa gwiwarta.

Na faɗe shi, da nasa da na mahaifinsa, da ƙarfi har na bakin ƙofa ya ji. Ba zan maimaita a takarda ba.

Suka ajiye loma suka ɗaga hannuwa, manja yana bin yatsunsu. Maginin ya ja addu'a yana kiran sunan, ɗaki ya amsa da amin. Ammu Salihu ya tambayi abin da ake yi, da aka gaya masa shi ma ya ɗaga nasa, yana ƙoƙarin faɗin sunan da harshensa na Larabawa yana karya shi. Ina kuka sai dariya ta ƙwace mini.

Da aka shafa, wani ya miƙa kwanonsa a ƙara masa. Hajja Mariya ta karkato tukunyar ta nuna masa cikinta. Ta ƙare.